Jabun kayan soja da hannun da ke sa hannu

Duk wanda ya taɓa kai babur ko mota wurin makaniki, a Yamai ne ko a Maradi ko a Damagaram, ya san tambayar da ake yi kafin a ɗaura sabon ƙarfe: na asali ake so ko jabu? Mai abin hawa yana iya zaɓen jabu ido buɗe, don abin da ke aljihunsa bai kai ba. In abin ya mutu masa a hanyar Dakoro da tsakar rana, shi ya saya, shi ya biya, shi kuma zai tura. Soja ba shi da wannan zaɓi. Ba shi ya je kasuwa ba, bai yi ciniki ba, bai ga takardar kuɗi ba, ba a kuma nemi shawararsa ba. An miƙa masa abu an ce mai kyau ne, ya rataya ya nufi inda ake harbi. Saboda haka ɗan kwangilar da ya sayar wa rundunar soja jabun kaya ya wuce sahun mai tauye mudu a kasuwar hatsi. Mutum ne da ya haƙa rami ya rufe da ciyawa, ya karɓi kuɗinsa ya koma gida, ya bar wa ɗan wani ranar faɗawa.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan cuta ta ƙasashe matalauta ce, inda albashi ba ya kai wata, ma'aikaci kuma ke neman na cefane ta kowace ƙofa. Amma labarin da ya fi kowane fitowa fili, da sunaye da lambobi da ranaku, daga rundunar da ta fi kowace kuɗi a duniya ya fito. A watan Maris na 2011 kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawan Amurka, ƙarƙashin Carl Levin da John McCain, ya buɗe bincike a kan jabun kayan lantarki da ke shiga cikin makaman ƙasar. Da rahoton ya fito a watan Mayu na 2012, sai aka ga cewa a cikin shekara biyu kacal, 2009 da 2010, an ci karo da kayan da ake zargin jabu ne wajen sau 1800, yawan kayan kuwa ya haura miliyan ɗaya. Kwamitin ya bi sawun fiye da 100 daga cikinsu har inda suka fito. Fiye da kashi 70 cikin 100 ƙasar Sin sawun ya kai. Wani kaso mai yawa na sauran ya tsaya a Ingila da Kanada, inda dillalai ke sake sayar da abin da su ma daga Sin suka samo shi.

Yadda ake ƙera wannan jabu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan mai karatu zai gane abin da ya sa ido ba ya kama shi. Ana magana ne a kan ƴan ƙwayoyin lantarki, irin waɗanda ke cikin wayar salula da kwamfuta, wasunsu ba su kai farcen ɗan yatsa ba. Ƙasashe masu arziki suna zubar da tsofaffin kwamfutocinsu, a loda su a jiragen ruwa a kai kudancin Sin, musamman yankin Shantou na lardin Guangdong. A can ake gasa allunan cikinsu a kan wuta har dalma ta narke, a karkaɗe ƙwayoyin su zubo, a wanke su, wani lokaci a ruwan kogi, a shanya a bakin titi kamar barkono. Daga nan a kankare rubutun da ke bayansu, a shafa baƙin fenti, a buga sabon suna da sabuwar shekara, da alamar da ke cewa wannan ƙwaya don aikin soja aka yi ta, tana jure zafi da sanyi da girgiza. Tsohuwa ta sha lalle ta koma amarya.

Mugun abin shi ne ƙwayar tana aiki. Da matacciya ce, da tun ranar farko an gane ta a teburin gwaji an jefar. Amma tsohuwar ƙwayar da ta sha wuta da ruwan kogi tana iya amsa gwajin farko sumul, ta shiga cikin jirgi, ta yi wata shida ko shekara biyu ba ta yi tari ba, sai ranar da zafi ya tsananta ko girgiza ta yi yawa ta ce ga garinku nan. Zafi da girgiza kuwa ba a filin fareti suke tsananta ba.

Me ya kai babbar runduna sayen kaya a hannun dillalai? Jirgin yaƙi yana yin shekara 30 ko 40 yana aiki, irin B-52 ma tun shekarun 1950 suke tashi. Masana'antar da ta ƙera ƙwayar da ke cikinsa kuwa takan daina yin ta bayan ƴan shekaru, don kasuwar wayoyi da kwamfutoci ta riga ta wuce wurin. Ranar da aka nemi madadinta babu ita a masana'anta, sai a faɗa kasuwar dillalai, wannan ya saya daga wancan, wancan daga wani, kowa ya ɗora ribarsa ya haɗa da takardar da ke cewa kayan na asali ne. Kafin ƙwayar ta isa jirgi ta bi hannu huɗu ko biyar, kuma na ƙarshe bai san inda aka haife ta ba, bai kuma matsa da tambaya ba.

Har nan ana iya cewa tsautsayi ne, an cuci mai saye kamar yadda aka cuci soja. Abin da ya hana a karɓi wannan uzuri shi ne halin da manyan kamfanonin suka nuna bayan sun gane. Kamfanin L-3, mai ƙera allunan da matuƙi ke duba lafiyar inji da yawan mai da sauran bayanan tafiya a jiragen dakon soja C-130J da C-27J, ya gano a watan Nuwamba na 2010 cewa akwai shakka a kan wata ƙwayar ajiyar bayanai da ya sa a cikin allunan. Asalinta daga wani kamfani ne na birnin Shenzhen mai suna Hong Dark, wanda kwamitin ya ƙiyasta cewa kayansa wajen dubu 84 sun shiga hanyar sayayyar sojan Amurka. An riga an ɗaura allunan, wasu jiragen ma an tura su Afganistan. Sai a watan Satumba na 2011 aka sanar da rundunar sojan sama game da C-27J, lokacin da masu binciken majalisa suka riga suka fara ƙwanƙwasa ƙofofi. Boeing ma haka ya yi da wata na'urar gano ƙanƙara a jirgin sintiri P-8A: ya ji labari a farkon 2010, sojan ruwa ba su ji daga bakinsa ba sai bayan fiye da shekara ɗaya da rabi. Hujjar kamfanonin ita ce injiniyoyinsu sun duba sun ga babu haɗari ga rai. To, a ce ma haka ne. Wanda canjin zai ɓata wa lissafi da suna shi ne ya yanke hukuncin cewa babu gaggawar canji, wanda zai hau jirgin kuwa ko gaya masa ba a yi ba. Mutanen nan ba masu tonon bola ba ne na Shantou. Injiniyoyi ne da manajoji da lauyoyi, masu digiri da kwat. Inda kuma aka canza kayan, kamar a kwamfutocin THAAD mai kakkaɓo makamai masu linzami, dalar Amurka miliyan 2 da dubu 700 da gyaran ya ci daga baitulmalin ƙasa ta fito.

Da rahoton ya fito, abin da jaridun Amurka suka fi ɗauka shi ne sunan Sin. Gaskiya ne hukumomin Sin sun kau da kai daga sana'ar da ake yi a sarari, har ma sun hana ma'aikatan kwamitin takardar izinin shiga ƙasar. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ofishin GAO, mai binciken kuɗin gwamnati a madadin majalisa, ya yi wani gwaji da ya isa ya rufe bakin kowane ɗan kwangila. Ya ƙirƙiro kamfani na bogi, ya shiga kasuwannin intanet inda dillalai ke ciniki, ya yi odar kaya 16 na aikin soja. Guda 12 da aka gwada, duk an same su da alamun jabu. Sauran 4 kuwa lambobinsu ƙirƙira ce ta masu binciken, babu masana'antar da ta taɓa yin kaya mai irin wannan lamba a duniya. Duk da haka an kawo su, da lambar a buge a bayansu tsaf. Kasuwar da za ta sayar wa mutum abin da babu shi, in dai ya biya, wanda ya shiga cikinta ya sayo mafi araha ya kai wa soja ba shi da bakin cewa bai sani ba. Wasu ma sanin ne jarinsu. Kamfanin VisionTech na garin Clearwater, a jihar Florida, ya yi cinikin jabun ƙwayoyi na kusan dalar Amurka miliyan 16 daga 2007 zuwa 2009, da masu saye fiye da 1100, cikinsu har da masu yi wa sojan ruwa aiki. Jami'an duwan sun tsare kayansa sau da yawa, masu saye sun yi ta kuka, bai daina ba. Mai kamfanin ya mutu kafin a yi masa shari'a, ma'aikaciyar da ke riƙe masa ofis ita aka ɗaure wata 38 a 2011.

Wani lokaci ma ba a bukatar bola ko fenti. Alƙalami ya isa. A garin Tacoma na jihar Washington akwai wata maƙera da ke zuba ƙarfen da ake gina jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa da shi, wadda kamfanin Bradken ya mallaka tun 2008. Shugabar sashen gwajin ƙarfe ta wurin ta yi daga 1985 zuwa 2017 tana sauya sakamakon gwaji, ƙarfen da ya faɗi ta rubuta ya ci, a zubi fiye da 240. Da aka titsiye ta a kan gwajin da ake yi cikin tsananin sanyi, sai ta ce ita dai a ganinta wannan sharaɗi shirme ne. Shekara 32 takardar shaida tana fita da hatimi da sa hannu, kuma ba wani janar ko babban mai bincike ya gano ba, wani ƙaramin ma'aikaci ne da ake horarwa don ya gaje ta ya lura an taɓa lambobin da ke kan katunan gwaji. An ɗaure ta wata 30 a 2022, kamfanin kuma ya biya dalar Amurka miliyan 10 da dubu 900. Wannan labari ya fi na Shantou nuna inda ciwon yake. Babu jabun kayan da ke shiga rumbun soja da ƙafarsa. Takarda ce ke shigar da shi, kuma kowace takarda akwai mutum mai suna da muƙami da albashi da ya sa mata hannu yana cewa ya gani, ya gwada, ya karɓa.

Amurkawa sun daɗe da sanin wannan hali. Lokacin yaƙin basasarsu ƴan kwangila sun sayar wa rundunar Arewa guragun alfadarai da ruɓaɓɓen abinci da bindigogin da ba sa tashi, har Abraham Lincoln ya sa hannu a 1863 a kan dokar da ke ba duk wanda ya tona asirin mai cutar gwamnati kaso daga abin da aka ƙwato. Bayan binciken Levin da McCain an ƙara wata a ƙarshen 2011, wadda ta ɗora wa manyan ƴan kwangila nauyin gano jabu, da kai rahoto, da biyan kuɗin gyara daga aljihunsu. Cutar ba ta warke ba: a 2024 an ɗaure Onur Aksoy shekara 6 da rabi saboda jabun na'urorin sadarwa masu tambarin Cisco, waɗanda wasunsu suka shiga cibiyoyin da ke tallafa wa jiragen yaƙi. Ba yabon Amurka ake yi ba, ƙasar da ƴan kasuwar makamanta suka ci ribar yaƙe-yaƙen da suka rusa garuruwan wasu. Abin lura kawai shi ne a can akwai mai tambaya, akwai dokar da ke tilasta amsa, ana kuma buga amsar kowa ya karanta.

Inda babu mai tambaya, ɗan kwangila ba ya ma wahalar da kansa da tsohuwar ƙwaya. Wani ɗan Ingila, James McCormick, mai kamfanin ATSC, ya samo wani abin wasa da ake sayarwa a Amurka ƙasa da dala 20, wai don neman ƙwallon golf da ya ɓace cikin ciyawa, ya sauya masa tambari da siffa, ya raɗa masa suna ADE 651, ya ce yana gano bam da hodar iblis da hauren giwa har da takardun kuɗi, daga nesa, ta bayan bango ko a ƙarƙashin ƙasa. Mariƙi ne na roba da ƴar sandar ƙarfe mai juyawa kamar eriyar rediyo. Ba shi da batir. Wai motsin jikin mai riƙe da shi ne ke ba shi wuta. Katunan da ake zura masa, waɗanda aka ce su ke gaya masa abin da zai nema, da tashar BBC ta kai su ɗakin gwaji a 2010 sai aka tarar irin ƴar alamar nan ce da kantuna ke liƙa wa kaya don hana sata. Iraƙi ta sayi dubbai, wasu a kan dalar Amurka dubu 40 kowace ɗaya, ta raba wa shingayen Bagadaza a shekarun da motoci masu bam ke ratsa birnin. A watan Mayu na 2013 kotun Old Bailey ta Landan ta ɗaure McCormick shekara 10.

McCormick ɗan damfara ne, an kuma gama da shi. Amma gwajin da zai tona asirin sandarsa bai fi na minti goma ba: a ɓoye harsashi a ɗaya daga cikin akwatuna goma ba tare da mai riƙon ya gani ba, a ce ya nemo, a maimaita. Matar da ta je sayen tukunya ma tana ƙwanƙwasa ta ta ji ƙararta kafin ta kwance bakin zane. Ta yaya hafsoshi masu taurari a kafaɗa suka kasa yin abin da take yi? Amsar ta fito a Iraƙi, inda aka ɗaure Janar Jihad al-Jabiri, shugaban sashen kwance bam, saboda cin hanci a cikin cinikin. Abin da ya fi ciwo shi ne ko bayan hukuncin Landan sandar ta ci gaba da zama a shingaye, domin janye ta amsa laifi ne ga waɗanda suka sayo ta. Sai da bam ɗin unguwar Karrada ya kashe mutum fiye da 300 a watan Yuli na 2016 sannan firaminista Haidar al-Abadi ya ba da umarnin a kwashe ta.

Nijar tana cikin ƙasashen da aka ambata sun sayi wannan sanda. Wannan kaɗai ya isa ya hana ɗan Nijar karanta labarin kamar tatsuniyar wata duniya, amma akwai wanda ya fi shi kusa. A ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates. A ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Ƙasa tana cikin wannan makoki, a watan Fabrairu, labarin binciken da hukumar sa ido ta rundunonin soja ta gudanar a ma'aikatar tsaro, zamanin minista Isufu Katambe, ya fara fitowa. Rahoton farko ya ƙiyasta asarar sefa miliyar 76: wajen miliyar 48 na ƙarin farashi, wajen miliyar 28 na kayan da aka biya ba a kawo ba. A ciki akwai jirage biyu masu saukar ungulu ƙirar MI-171Sh da aka saya daga Rasha a 2016 a kan farashin da ya zarce ƙima. Rahoton bai yi maganar tsofaffin ƙwayoyin lantarki da aka yi wa fenti ba. Abin da ya nuna shi ne uwar da ke haifarsu: gasar ƙarya tsakanin kamfanonin da wasunsu a takarda kawai suke, da kuɗin da aka fitar a kan kayan da ba su iso ba. Mai shigar da ƙara na Yamai da kansa, a watan Yuni na 2020, ya lissafa jabun takardu cikin laifuffukan da za a bincika. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofar da iska ta bi ta shiga rumbu aka rubuta mata suna kaya, wane jabu ne zai zo ta a ce masa tsaya?

Ba a ce ƙarin farashin jirgi ne ya harbi kowa a Inates ba. Waɗanda suka harba sanannu ne, alhakin jinin kuma yana wuyansu. Amma kuɗin da aka ware wa tsaro yana da iyaka, daga bakin makaranta da asibiti aka cire shi, kuma kowace miliyar da ta tafi a ƙarin farashi mota ce da ba a saya ba, na'urar sadarwa ce da ba ta kai bakin iyaka ba.

Maganin da hukuma ta zaɓa tun farko shi ne a mayar da kuɗi. Bayan an saurari ƴan kwangilar, adadin ƙarin farashin da aka tsayar ya sauko zuwa wajen miliyar 12, kuma a farkon 2022 aka ji cewa gwamnati ta janye daga matsayin mai neman diyya a gaban kotu, wai an biya ta. Waɗanda suka fara ɗanɗana gidan kaso a kan wannan magana su ne masu tambaya. A ranar 15 ga Maris 2020 aka tarwatsa zanga-zangar neman shari'a a Yamai, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku suka mutu, wasu shugabannin ƙungiyoyin farar hula suka yi watanni a tsare. Ƴar jarida Samira Sabu ta yi kusan mako bakwai a kulle saboda rubutun da ta sa a Facebook game da binciken. In hukuncin wanda ya cuci soja shi ne ya mayar da abin da aka kama shi da shi, to cutar ta zama rance marar ruwa: in ba a gane ba ya ci, in an gane ya biya ya koma layin neman sabuwar kwangila. Ɓarawon akuya a ƙauye ba a yi masa wannan sassauci. Ban da haka, kuɗi ana mayar da shi, lokaci ba a mayar da shi. Kayan da aka kawo bayan bincike ba su amfani sojan da ya neme su kafin bincike ba.

Duk lokacin da aka taso da wannan magana, kalma ɗaya ake jefa wa mai tambaya: sirrin tsaro. Sirrin tsaro gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a buga a jarida yawan sojojin da ke wani sansani, ko hanyar da ayari zai bi, ko daren da za a kai farmaki. Amma farashin taya ba sirri ba ne, yana cikin littafin kowane dillali daga Dubai zuwa Kwatano. Sunan kamfanin da ya ci kwangila ba sirri ba ne ga mai shi, ko ga bankinsa, ko ga wanda ya sayar masa. Ingancin sulke kuwa, abokin gaba yana gane shi da harbin farko. Idan aka tace, mutum biyu kaɗai ake ɓoye wa: talakan da ya biya da harajinsa, da sojan da zai sa kayan a jikinsa. Majalisar Dattawan Amurka ta buga sunayen jiragen da aka samu jabu a cikinsu alhali sojojinta suna fagen fama a Afganistan, sama kuma ba ta faɗo ba. Ko inda ya zama dole a yi shiru, shiru ga jama'a daban, shiru ga mai bincike daban. Ana iya rantsar da alƙalai da ƴan kwamiti su duba takardu a ɗaki rufe. Ana iya sa sojan da zai yi aiki da kaya, ba na ofis ba, cikin waɗanda za su gwada su kafin a sa hannu. Ana iya kare ƙaramin ma'aikacin da ya ga an taɓa lamba ya faɗa, irin na Tacoma, maimakon a tura shi bakin iyaka don ya koyi hankali. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Tun a watan Disamba na 2013 wata doka ta musamman ta ware sayayyar tsaro a Nijar daga hanyar da sauran kwangilolin gwamnati ke bi, kuma a zamaninta aka yi cinikin da binciken 2020 ya tona. Sojojin da suka karɓi mulki a ranar 26 ga Yuli 2023 sun kafa hukumar COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa, kuma mai hankali zai yi tsammanin cewa waɗanda suka yi jana'izar abokan aikinsu na Inates da Shinagodar su ne za su fi kowa tsananta bincike a kan abin da ake saya wa soja. A ranar 23 ga Fabrairu 2024 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2024-05, wadda ta fitar da sayen kayan jami'an tsaro daga ƙarƙashin dokokin kwangilar gwamnati da na lissafin kuɗin ƙasa, ta kuma yafe masa haraji. Hujjar da ake kawo wa irin wannan doka ita ce yaƙi ba ya jiran takarda. Bagadaza ma yaƙi take ciki, da sauri kuma ta sayi sandar McCormick. Masu binciken 2020 sun iya cewa an yi asarar kaza ne domin akwai ƙa'idar da za su auna cinikin da ita: ina gasar, nawa ne farashin kasuwa, ina takardar karɓar kaya, wa ya sa mata hannu. Dokokin da ke tilasta wa ɗan kwangila amsa waɗannan tambayoyi su ne dokar 2024 ta ɗauke daga kansa.